Baba na da suga, jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe, gida ya rabu kan sitent da tiyata

Anti barka da war haka, dan Allah a sakaya sunana. Mahaifina shekararsa 61, ya kai shekara 14 yana fama da ciwon suga, ga kuma hawan jini. Watannin baya muka lura in ya hau bene ko ya ɗan yi tafiya sai ya tsaya yana haki, in an tambaye shi ya ce gajiya ce kawai, ba ya jin wani ciwon ƙirji sosai sai ɗan nauyi-nauyi. Muka je asibiti aka yi ta gwaje-gwaje har aka yi masa anjiyogiram, wato hoton jijiyoyin zuciya, likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa guda uku sun toshe kuma ta gaba ita ta fi muni. Ya ce hanya biyu ce, ko a saka masa sitent uku zuwa huɗu ta hannu, ko a buɗe ƙirji a yi masa aikin baifas, kuma shi ya fi karkata ga baifas ɗin saboda sugan. Baba da ya ji an ce buɗe ƙirji sai ya ce shi a ƙyale shi, wai akwai abokinsa da aka yi wa aiki bai tashi ba. Babban Yayanmu ya dage sitent za a yi, wai wani abokin aikinsa kwana ɗaya ya yi a asibiti ya dawo gida, kuma ai mai suga ciwonsa ba ya warkewa, tsaga shi ganganci ne. Mama ba ta cewa komai sai kuka a ɗaki. Gwaggonmu kuma ta kawo wani magani wai yana wanke jijiya. Ni ce nake kai shi asibiti, ni na ji bayanin likita da kunnena, hankalina ya fi kwanciya da baifas amma ina tsoron in matsa a yi wani abu ya faru a ce ni na kashe shi. Ni da Yaya yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Ya zan yi?

Ƙanwata sannu, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Baba lafiya ya kuma saka miki da alheri. Kaya mai nauyi kika ɗauko ke kaɗai, ke ce mai kai shi asibiti, ke ce mai jin bayanin likita, ke ce kuma mai dawowa gida ki maimaita wa mutanen da kowa da abin da yake son ya ji. Zan faɗa miki inda na tsaya tun yanzu don kada ki yi ta jira. Mai ciwon suga da jijiyoyi uku suka toshe har da ta gaban nan, in dai jikinsa zai iya ɗaukar aiki, baifas ya fi masa sitent a mafi yawan lokuta, kuma likitanku ba da ka ya yi maganar ba. Sai dai wannan "in dai" ɗin yana da nauyi, Yayanki ma yana da gaskiya ta wani ɓangaren, tsoron Baba kuma ba abin rainawa ba ne.

Kinga zuciya tsoka ce mai aiki dare da rana, ita ma tana buƙatar nata jinin, kuma manyan jijiyoyi uku ne ke kai mata shi, ɗaya ta dama, ɗaya ta kewaya ta hagu zuwa baya, ɗaya ta sauko ta gaba. Wannan ta gaban ita ke ciyar da babban kaso na ɗakin da ke harba jini zuwa jiki gaba ɗaya, shi ya sa da likita ya ce ita ta fi toshewa maganar ta ƙara girma. Wanda ba shi da suga sau da yawa za ki ga kitsen ya taru a wuri ɗaya ko biyu ne, sauran jijiyar ƙalau take. Shi kuwa suga in ya daɗe a jiki, kuma shekara 14 ba kwana biyu ba ce, cikin jijiyar yake ci tun daga sama har ƙasa, ta ƙanƙance, ta yi tauri, kitse ya bi ta a shimfiɗe, wurin da aka nuna miki a hoto shi ne dai ya fi lalacewa amma gabansa da bayansa ma ba lafiyayyu ba ne. Kamar titi ne da ya farfashe tun daga farkonsa har tsakiya, sitent cike ramin da ya fi zurfi ne, mota za ta wuce yau amma ba da jimawa ba wani ramin zai iya buɗewa gaba kaɗan, shi kuwa baifas sabuwar hanya ake shimfiɗawa ta zagaye duk wurin da ya lalace ta je ta sauka can ƙasa inda titin ke da kyau. Ko wata sabuwar toshewa ta taso a tsohon wurin, jini na da ta inda zai bi. Ga shi kuma masu suga sun fi kowa samun matsalar nama ya sake tsirowa a cikin sitent ɗin ya matse shi.

Maganar da kika yi cewa ba ya jin ciwo sosai, dan Allah kada wannan ya kwantar wa kowa da hankali a gidan. Suga yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa wani mai suga zai taka ƙusa bai ji ba, toh haka abin yake a zuciya ma. Wannan hakin a kan bene da nauyin ƙirjin da yake kira gajiya, zuciyar ce ke neman jini ba ta samu yadda ya kamata. Akwai masu suga da bugun zuciya ke same su ba tare da wani ciwon a zo a gani ba, sai daga baya gwaji ya nuna tabon.

Yadda ake yin su kuwa, sitent mutum na farke ake yi, a kashe masa wuyan hannu da allura, a zura siririyar waya ta jijiya har zuciya, a hura ɗan balan-balan a inda ya matse sannan a bar wani ɗan bututun raga na ƙarfe da aka shafa wa magani ya tokare wurin, gobe ko ma ranar ya tafi gida da ɗan filasta a hannu. Dole wannan ya fi daɗin ji. A baifas ana sa mutum barci, a raba ƙashin ƙirji, a ɗauko wata jijiya da ke kwance a bayan ƙashin ta hagu a jona ta da jijiyar gaban zuciya, a ɗebo wasu daga ƙafa ko hannu a yi wa sauran biyun. Wannan jijiyar ta bayan ƙirji ita ce sirrin aikin, kusan 9 cikin 10 na nan a buɗe bayan shekara 10, waɗanda ake ɗebowa daga ƙafa ba su kai ta ƙarko ba amma suna yin aikinsu.

An daɗe ana wannan gardamar da kuke yi a gida, likitoci ma sun yi ta a tsakaninsu. Tun 1996 wani bincike mai suna BARI ya nuna masu suga sun fi rayuwa in an yi musu baifas a kan a buɗe jijiyar da balan-balan, sai aka ce ai lokacin ba a samu sitent mai kyau ba. Da sitent mai magani ya fito sai aka sake gwadawa a wani babban bincike mai suna FREEDOM da aka fitar a 2012, mutum 1,900 daga ƙasashe daban-daban, dukkansu masu suga ne da jijiya fiye da ɗaya ta toshe, yawancinsu ma uku kamar Baba, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi sitent rabi baifas, kowa kuma ana ba shi magunguna yadda ya kamata. Bayan shekara 5, a cikin kowane mutum 100 da aka saka wa sitent kimanin 16 sun rasu, a ɓangaren baifas kimanin 11. Bugun zuciya ya samu kimanin 14 cikin 100 na masu sitent, 6 cikin 100 na masu baifas. A shekarar farko kaɗai kusan 13 cikin 100 na masu sitent sai da aka sake yi musu wani aikin, masu baifas kusan 5. Da aka ci gaba da bin su har kimanin shekara 7 da rabi, bambancin mutuwar na nan, kimanin 24 cikin 100 a masu sitent, 18 a masu baifas.

Amma akwai lamba ɗaya da ba ta goyi bayan baifas ba, kuma ina so ki faɗe ta a gida da bakinki kamar yadda za ki faɗi sauran. Shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a masu baifas, kimanin 5 cikin 100 a shekara 5, masu sitent kuwa tsakanin 2 da 3, kuma yawancin wannan bambancin a watan farko bayan aiki yake faruwa. Wato baifas haɗarinsa a gaba yake, a kusa, ribarsa kuma sai an yi kamar shekara 2 take fara fitowa fili sannan ta yi ta ƙaruwa. Shi ya sa shekaru ke da muhimmanci a lissafin nan. Da Baba ɗan shekara 85 ne mai rauni da wata maganar muke yi, amma ɗan 61 da yake hawa bene da ƙafarsa, in Allah ya yarda akwai shekaru a gabansa da zai ci wannan ribar. Gaskiya ne sitent ɗin yanzu ya fi wanda aka yi amfani da shi a wancan binciken kyau, duk da haka ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da na Turai har yanzu baifas suke fifitawa ga mai suga da jijiyoyi da yawa suka toshe, musamman in ta gaban na ciki.

Yanzu ga Yaya. Cewar da ya yi mai suga ciwonsa na jinkirin warkewa gaskiya ce, kuma masu suga sun fi sauran mutane haɗarin ɗinkin ƙirji ya kama ƙwayar cuta. Likitocin fiɗa sun san da wannan, shi ya sa kafin aiki suke duba gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata 2 zuwa 3 da suka wuce, in ya yi sama da yawa kuma akwai lokaci sai a fara sauko da shi, lokacin aiki da kwanakin bayansa kuma insulin ake sakawa ta jijiya ana auna suga akai-akai. Kuma ki tuna waɗancan lambobin da na kawo duk na masu suga ne, wato har da wannan matsalar ta warkewa a ciki baifas ɗin ya zo a gaba. Shi kuma abokin aikinsa da ya kwana ɗaya ya dawo, a tambaya, jijiya nawa ce tasa ta toshe, yana da suga? In jijiya ɗaya ce a wuri ɗaya toh sitent ne daidai da shi, kuma ciwonsa da na Baba ba ɗaya ba ne ko da sunan ɗaya ne.

Akwai yanayin da Yaya ne zai zama mai gaskiya gaba ɗaya, ki riƙe wannan a ranki don kada ke ma ki kafe. In huhun Baba ba shi da ƙarfi, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ta yi tauri da yawa, ko can ƙasan jijiyoyin sun sirance har babu inda za a jona sabuwar hanya, likitan fiɗa da kansa zai iya cewa a yi sitent. Akwai kuma wani ma'auni da ake kira SYNTAX da ake ba toshewar maki gwargwadon sarƙaƙiyarta, 22 zuwa ƙasa mai sauƙi ce, 33 zuwa sama mai wuya ce sosai, iya yawan makin iya yadda sitent ke ƙara zama kasada. Sannan sitent ɗin ma ba a sawa a manta, dole ya sha magungunan hana jini daskarewa guda biyu, asfirin da wani kamar clopidogrel, wata 6 zuwa 12, ba fashi ko na kwana ɗaya sai da izinin likita, don in aka tsaya da wuri jini na iya daskarewa a cikin sitent ɗin ya toshe farat ɗaya. In Baba mai wasa da magani ne, wannan ma abin dubawa ne. In kuma kuɗi na cikin abin da ke damun Yaya bai faɗa ba, ku nemi a rubuta muku lissafin kowanne gaba ɗaya, har da magungunan bayan aiki da yiwuwar a sake komawa, sitent huɗu ba lallai ya zo da sauƙin da ake zato ba.

Abin da nake so ki yi da Yaya shi ne ki daina zama tafinta tsakaninsa da likita. Duk lokacin da bayani ya fito daga bakinki, shi ƙanwarsa yake ji tana faɗin ra'ayinta, kuma babban wa ba ya son a ga kamar an yanke magana a bayansa. Ki same shi ku biyu, ki ce Yaya na san tsoron rasa Baba ne ya sa ka dage, ni ma shi ne, ka zo mu je tare ka yi wa likitan tambayoyinka da kanka, duk abin da suka ce bayan sun duba komai ni na yarda. In ba ya kusa a kira shi a waya a saka a sifika a gaban likita. Kuma ku nemi zama da likitoci biyu, mai saka sitent da likitan fiɗan zuciya, don ƙa'idar ita ce su duba hoton tare su ba da shawara ɗaya, kada a tsaya ga wanda ya fara ganin mara lafiya kawai. Ku karɓi kwafin anjiyogiram ɗin, in kuna so ku kai wa wani likitan daban ya duba haƙƙinku ne, likitan kirki ba ya jin haushin wannan.

Ki tafi da tambayoyinki a rubuce don a gaban likita kai na ɗaukar zafi. Ki tambayi ko babbar jijiyar hagu, wadda ta gaban da mai kewayawa baya suka fito daga cikinta, ta taɓu, don in ta taɓu ba a jan lokaci. Ki tambayi ƙarfin harbawar zuciyar a hoton eko, wato sikanin ɗin zuciya, da lafiyar ƙodarsa, da ko za a duba jijiyoyin wuyansa kafin aiki saboda maganar shanyewar jiki. Sannan ki ce su faɗa muku haɗarin aikin ga shi Baba kansa, suna da hanyar lissafa shi da shekarunsa da ƙodarsa da sauran gwaje-gwajensa. Ga wanda aka shirya wa aiki a tsanake kuma jikinsa da sauran ƙarfi, haɗarin rasa rai yawanci tsakanin 1 zuwa 3 ne cikin 100, amma lambarsa shi ake so ya ji. Kada kuma ki ji kunyar tambayar sau nawa suke yin irin wannan aikin a shekara, wurin da hannunsu ya saba sakamakonsu ya fi kyau.

Shi kuma Baba, ƙirjin nasa ne, kuma yana cikin hankalinsa, saboda haka maganar ƙarshe tasa ce, ba taki ba ba ta Yaya ba. Na lura a wasiƙarki kowa na magana a kansa amma ban ga inda aka zauna aka tambaye shi me yake tsoro ba. Ki samu lokacin da ba kowa, ki zauna kusa da shi, ki ce Baba ba ni labarin abokin nan naka. Ki bar shi ya faɗa har ƙarshe kada ki katse shi da lambobi. Wataƙila abokin an kai shi ne cikin gaggawa bayan zuciyar ta riga ta buga, wannan kuwa daban yake da aikin da aka shirya. Wataƙila kuma ba mutuwar ce ta fi damunsa ba, tsoron ya kwanta ya zama nauyi a kanku ne, ko kuɗin da za a kashe, iyaye maza sukan ɓoye irin wannan a bayan "a ƙyale ni". In kin gane ainihin abin sai ki san me za ki amsa. Ki roƙe shi abu ɗaya tak, ya yarda ya zauna da likitan fiɗan ya ji da kunnensa, zama ba sa hannu ba ne. In asibitin za su iya haɗa shi da wani da aka yi wa aikin ya warke, ya ga tabon da idonsa ya ga mutum na tafiya da ƙafarsa, wannan kan yi abin da bayanin awa guda bai yi ba.

Mama kuma kada a bar ta da kuka a ɗaki, ita ce za ta yi jinya, ita ta fi kowa sanin ta inda ake shawo kansa, kuma rashin sanin me ake ciki na ƙara tsoro. Ki faɗa mata yadda abin zai kasance dalla-dalla. Bayan baifas zai yi kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman da robobi a jikinsa, ganin farko akwai tayar da hankali amma haka ake yi wa kowa, asibiti gaba ɗaya kamar mako guda. Za a ba shi ɗan filo ya rungume a ƙirji duk lokacin da zai yi tari ko atishawa, za a tashe shi ya fara takawa tun kwanakin farko, ba ɗaukar kaya mai nauyi har sai ƙashin ya haɗe wajen mako 6 zuwa 8, ƙarfin jiki kuma kan ɗauki kamar wata 3 kafin ya dawo sosai. Ƙafar da aka ɗebi jijiya za ta iya kumbura, kuma a riƙa duba ɗinkin kullum, in ya yi ja ko yana fitar da ruwa ko zazzaɓi ya zo a koma asibiti a ranar. Wasu sukan shiga damuwa da saurin fushi na ɗan lokaci, in ta ga haka kada ta ɗauka ita ta yi laifi, a faɗa wa likita.

Toh sai maganar da ta fi ci miki rai, a ce ke kika kashe shi. Ki duba wani abu. In aka yi baifas matsala ta faru, za ta faru ne a kusa, kowa na gani, sai a nemi wanda za a nuna. In aka yi sitent ko aka bar shi haka, zuciyar ta buga bayan shekara 3, ba wanda zai waiwayo ya ce zaɓin da aka yi ne, za a ce kwana ya ƙare. Wannan ne ke sa iyalai da yawa zaɓar abin da ba za a zarge su a kai ba a madadin abin da ya fi wa mara lafiyan. Ni ba na so ki faɗa wannan tarkon, kuma ba na so ki ɗauki matsayin mai yanke hukunci. Naki shi ne ki tabbatar Baba ya ji gaskiya cikakkiya, mai daɗi da marar daɗi, daga bakin masu aikin, a gaban Mama da Yaya. In ya zaɓa bayan haka, zaɓinsa ne shi da likitocinsa. Rai na hannun Allah, kuma 'yar da ta yi ta zirga-zirgar asibiti da mahaifinta ba ta da abin da za ta sunkuyar da kai a kansa.

In kuma ya ji komai ya ce shi sitent yake so, ku mara masa baya, ya fi a zauna ba a yi komai ba nesa ba kusa ba. In ma ya ƙi duka biyun kada ku yi fushi ku zare hannu, magani kaɗai ma hanya ce ta gaske. Wani bincike mai suna BARI 2D na 2009 a kan masu suga fiye da 2,300 da ciwon zuciyarsu ke kwance ya nuna waɗanda aka fara da magani kaɗai sun rayu daidai da waɗanda aka yi wa aiki nan take a tsawon shekara 5, sai dai a cikin masu toshewa mai yawa irin ta Baba, waɗanda aka yi wa baifas sun fi tsira daga bugun zuciya. Kuma mutum kan sauya ra'ayi in aka bar masa ƙofa a buɗe.

Kowacce hanya aka bi, cutar da ta toshe jijiyoyin na nan, aiki ba ya cire ta. Maganin rage kitsen jini irin su atorvastatin zai zama abokin zamansa, ana so mugun kitsen da ake kira LDL ya sauka ƙasa da 1.4 a ma'aunin mmol/L, wato 55 a ma'aunin mg/dL, hawan jini ƙasa da 130/80, HbA1c wajen 7 ko inda likitansa ya tsayar masa. Ki tambayi likita ko ya dace da sababbin magungunan suga masu kare zuciya, irin su empagliflozin ko allurar liraglutide da semaglutide, an tabbatar suna rage matsalolin zuciya ga masu suga irinsa. In yana shan taba ya bari yanzu kafin aiki. Kuma ki kai duk magungunansa a leda a nuna wa likita, don wasu ana dakatar da su kafin tiyata, clopidogrel kamar kwana 5, empagliflozin kwana 3, metformin ma akan ɗan tsayar da shi in za a sake zuba masa ruwan da ake sawa a jijiya don ɗaukar hoton anjiyogiram kuma ƙoda ba ta da ƙarfi, amma kada ku tsayar da komai da kanku. Maganin Gwaggo shi ma ya shiga ledar. Ki yi mata godiya don ƙauna ce ta sa ta kawo, amma babu wani abin sha da ke wanke kitsen da ya riga ya daskare a bangon jijiya, kuma abin da ba a san me ke ciki ba zai iya taɓa ƙodar mai suga ko ya haɗu da asfirin ya jawo zubar jini.

Kada shawarar nan ta wuce makonni kaɗan ana jan ta, ku sa rana da likitocin tun wannan satin. Kafin nan kowa a gidan ya san alamomin da ba a jira da su, nauyin ƙirji ko haki da ya zo yana zaune ba ya komai, ko wanda ya ƙi lafawa bayan ya huta, gumi mai sanyi, amai, ciwo da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, jiri ko suma. In gumi ne da rawar jiki a auna suga nan take don faɗuwar suga ma na kawo haka, in sugan daidai yake toh a ɗauka zuciya ce. In an ba shi maganin sawa a ƙarƙashin harshe ya zauna ya sa, minti 5 bai lafa ba a nufi asibitin da ke da sashen zuciya ko da tsakar dare ne, kuma kada ya tuƙa kansa. A irin wannan lokacin likitoci za su buɗe jijiyar da ta toshe da sitent cikin gaggawa don shi ya fi sauri, ki faɗa wa Yaya da Mama tun yanzu cewa in hakan ta faru ba wanda zai tsaya gardama, a sa hannu kawai.